Mita Casa'in

A Valdivia ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu ne 'yan haya.
A Janairu kaɗai yake ɗan sassauta mana.
Ɗalibai sun watse hutu, gadaje sun sarara,
saura ni da taswira, fensir a bayan kunne,
da Nahuel mai riƙe mini bakin igiyar awo.

Taswirar nan ta girme ni da shekara tara.
Ta ce nan ƙofa ce. Na ɗaga kai, bango.
Ta ce nan ma'ajiyar tsintsiya ce,
na tura, injin wanki uku na hamma.
Ba da gangan takarda ta yi ƙarya ba,
gini ne ya ci gaba da rayuwarsa
bai aika mata da labari ba.

Wayar tagulla tana da iyakar numfashi:
mita casa'in da 'yan kai.
Bayan nan saƙo sai ya fara haki,
ya iso a galabaice, ko ya kwana a hanya.
Ɗaki na ɗari biyu da sha huɗu,
can ƙurya, mai tagar da ke kallon kogi,
ya zarce awona da taku goma sha ɗaya.

Na zana 'yar gajeriyar hanya ta cikin silin,
layi sambal, har na ji daɗin kaina.
Don Eladio mai gadi ya leƙo ta kafaɗata,
makullai arba'in na gardama a ƙugunsa.
Bai san tagulla ba, bai san zaren gilashi ba,
amma ya dafa tsakiyar layina da yatsa:
"Nan, a watan Yuni, bokiti nake tarawa.
Biyu. In iska ta juyo daga teku, uku."

Na goge.
Ƙurar gogewar ta fi tawadar yawa a ranar.

Hanyar da ba ta jiƙa doguwa ce,
tana neman ƙaramin akwatin na'ura a hawa na biyu,
da wuta tasa, da iska tasa, da makulli.
Ma'ajin jami'a, Señora Pilquinao,
ta ce akwati ɗaya aka yi wa kasafi,
ɗaki guda kuma ba ya tayar da lissafi.
Ba ta yi kuskure ba. Ni ma na iya ƙidaya.

Muna saukowa Eladio ya tsaya cak,
ya nuna matakala ta biyar daga sama,
inda fenti ya koɗe, katako ya yi santsi.
"Rayén," ya ce. "Daga tsibiri take.
Ƙarfe goman dare, lulluɓe da bargo,
nan kaɗai fuskar uwarta ke fitowa
ba ta daskare a tsakiyar dariya ba."
Ban tambayi lambar ɗakinta ba.

Washegari ban kai wa ma'aji jadawali ba,
hoton matakala na ajiye mata a tebur.
Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.
"Ɗakin motsa jiki," ta ce,
"kafofi nawa kika ba shi?"
Sha biyu.
"Wa ke ɗaga ƙarfe yana karatu? Ba shi huɗu."

Yanzu Nahuel na kan tsani, kansa cikin rufi,
yana kiran lambobi, ina liƙa wa kowace waya suna,
don wadda za ta zo bayana da nata fensirin
kada ta zage ni kamar yadda na zagi na baya.
Na rubuta a gefen sabuwar taswira:
nan yana yoyo, a tambayi mai gadi.

Maris na zuwa da akwatuna da hayaniya.
Za su jona, ya kama, su wuce,
ba mai ɗaga kai ya dubi silin.
Haka nake so.
Aikinmu sai ya lalace ake sanin sunanmu.

Ni dai in damina ta kankama
zan biyo da dare, wajen ƙarfe goma,
in taɓa matakala ta biyar da tafin hannu
in ji ko ta yi sanyi.